Yadda ake gane larurar rashin daidaiton hali ta hanyar auna halayen da kowa ke da su

Larurar da likitocin ƙwaƙwalwa ke taƙaita sunanta da BPD, wadda za mu kira larurar rashin daidaiton hali, tana da alamomi tara a kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013. Duk wanda aka samu da biyar daga cikin taran, to ya shiga layin masu ita. Alamomin su ne: tsananin tsoron kada a guje shi, da fafutukar hana hakan, zama mai zafi da mutane, yau ya ɗaga mutum sama, gobe ya yar da shi, rashin tsayayyen sanin ko shi wane ne da abin da yake so, garaje cikin abubuwa masu cutarwa kamar ɓarnar kuɗi, shaye-shaye da tuƙin ganganci, yunƙurin kashe kai ko ji wa kai rauni, yanayin rai mai juyawa cikin 'yan sa'o'i, jin zuciya wayam kamar ba komai a cikinta, fushi mai wuyar dannewa, sai zargi mai tsanani ko jin kamar mutum ya fita daga jikinsa idan matsi ya yi yawa.

Wannan ƙirge yana da babban giɓi. Idan aka yi lissafi, hanyoyi 256 ne mutum zai iya cika sharaɗin biyar cikin tara, kuma mutum biyu za su iya ɗauke da sunan larura ɗaya alhali alama guda kaɗai ta haɗa su. Mai alama huɗu kuwa, ko da sun hana shi zaman aure da neman abinci, a takarda lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa masana da yawa suka koma kallon larurar kamar yadda ake kallon hawan jini: kowa yana da bugun jini, ba a kiransa ciwo sai ya wuce ƙima ya fara ɓarna. Kowa yana da fushi, fargaba da gaggawa. Abin aunawa shi ne wanne ya yi yawa, yaya yake hawa da sauka, kuma me ya lalata.

Gidaje biyar da rassa talatin

A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta ɗan'adam daga ƙamus na Turanci. Masu bincike suka yi ta tace su shekara da shekaru har suka tattaru gida biyar. Ma'aunin da ya fi shahara a kan wannan tsari shi ne NEO PI-R na Paul Costa da Robert McCrae, na 1992: tambayoyi 240, kowane gida rassa shida, kowane reshe tambaya takwas.

Gida na farko shi ne saurin damuwa. Rassansa: fargaba, fushi, karayar zuciya, tsarguwa a gaban mutane, kasa danne abin da rai ya ɗarsa, da rikicewa idan an shiga matsi.

Na biyu, son jama'a da kuzari: sakin jiki da mutane, son taro, iya shiga gaba, kazar-kazar, son abin da ke motsa jini, da fara'a.

Na uku, buɗaɗɗen tunani: zurfin hasashe, son abu mai kyau da fasaha, lura da abin da zuciya ke ji, son gwada sabon abu, son tattauna ilimi, da sake duba abin da aka gada.

Na huɗu, daɗin zama: yarda da mutane, magana ba kwana-kwana, taimako, sassauci wajen saɓani, tawali'u, da tausayi.

Na biyar, tsari da kamun kai: jin cewa mutum zai iya, tsari, cika alkawari, himma, naci a kan aiki har ya ƙare, da tunani kafin aikatawa.

Ainihin aikin a rassan yake. Jimillar gida ba ta faɗin abin kirki, domin mutum biyu za su iya samun maki ɗaya a saurin damuwa, ɗaya fargaba ce ta cika shi, ɗayan fushi.

Mataki na farko: sharar fage

Kafin a auna komai, a tambayi mutumin kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ko yana ji wa kansa rauni. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Bincike ya sha nuna haka. Idan amsar e ce, a ajiye takarda, a kwashe magunguna, maganin ƙwari da na ɓera da duk abu mai kaifi a kulle, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112. Kada a ce "neman a kula ta take yi". Binciken da ya bi masu wannan larura tsawon shekaru ya nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kashe kai ne ajalinsu.

Daga nan sai a cire abubuwan da ke kama da larurar ba ita ba ce. Tramadol, kodin, wiwi da barasa duk suna kawo juyin rai da garaje, don haka ana neman sanin halin mutum a watannin da bai sha komai ba. Ciwon maƙoƙo mai sa sinadarin tayirod ya yi yawa yana kawo fargaba da saurin fushi, kuma gwajin jini ɗaya ke gano shi. Wani nau'in farfaɗiya yana sa mutum ya ɗauke na ɗan lokaci ba tare da ya faɗi ba. Wanda ya ga tashin hankali, ko rikicin 'yan bindiga ne ko fyaɗe, zai iya zuwa da alamomi masu kama, ko ya haɗa larurorin biyu.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce larurar baifola, mai kai mutum tsakanin hawan rai da baƙin ciki mai tsanani. Bambancin yana ga tsawon lokaci da musabbabi. A baifola hawan rai yana ɗaukar aƙalla kwana 4 idan ƙarami ne, kwana 7 idan babba ne, mutum ya rage barci ba tare da ya gaji ba, ya cika da kuzari da buri, sau da yawa ba wani dalili a fili. A rashin daidaiton hali juyin na sa'o'i ne, da wuya ya wuce 'yan kwanaki, kuma kusan kullum akwai mutum a bayansa: an ƙi ɗaga waya, an yi wa wani fara'a an bar shi, miji ya makara bai faɗa ba.

Abu na ƙarshe a sharar fage shi ne lokaci. Ba a auna hali a tsakiyar ciwon baƙin ciki mai tsanani, ba a aunawa a makon da aka yi saki, ko haihuwa, ko rasuwa. Mai baƙin ciki yana ganin dukan rayuwarsa ta baya baƙa, makin damuwarsa ya haura, bayan ya warke ya sauko. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, yana neman a ce abin ya daɗe, kamar shekara biyu ko fiye.

Mataki na biyu: aunawa

A ɗauki takarda a jera rassan talatin. Kowane reshe a ba shi maki daga 1 zuwa 5: 1 ƙasa ƙwarai, 2 ƙasa, 3 kamar yawancin mutane, 4 sama, 5 sama ƙwarai. Ba tsari ne na son rai ba, akwai fom mai shafi guda da masu bincike ke amfani da shi a haka. Minti ashirin zuwa talatin sun isa.

Sharuɗɗa uku ne ke sa takardar ta yi amfani. Na ɗaya, mutum biyu ne za su cike, kowa shi kaɗai: mai abin, da wani wanda ya san shi aƙalla shekara biyu kuma ba rigima suke ba a yanzu. 'Yar'uwa ko tsohon aboki sun fi kishiya ko miji mai jin haushi. Na biyu, duk inda aka ba da 1, 2, 4 ko 5, a rubuta misali biyu na abin da ya faru da gaske, daga wurare daban, ɗaya a gida ɗaya a wajen aiki ko makaranta. Halin da ba ya fitowa sai wurin mutum ɗaya, a fara duba wannan zaman tukuna. Matar da ake duka ba a cewa fargabarta hali ce. Na uku, a kwatanta mutum da sa'anninsa na garinsu.

Sharaɗi na ukun nan yana da nauyi a wurinmu. Makin da ake samu a gwaje-gwajen intanet galibi da Amurkawa aka kwatanta shi. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa suka gwada tsarin gida biyar a wurin mutanen Tsimane na Bolibiya, gidajen ba su fito yadda aka saba ba. Wani bincike na 2019 a ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici ya gano cewa idan aka yi tambayoyin baki da baki, amsoshin ba sa rabuwa gida biyar sosai, wani ɓangare saboda mutane suna amsa "e" don ladabi. A ƙasar Hausa budurwar da ta sunkuyar da kai a gaban surukai kunya take yi, ba tsarguwar larura ba. Haka kawaici yana sa mai tafasa a ciki ya samu 2 a fushi a takardar 'yan'uwansa, alhali a tasa takardar ya ba kansa 5. Inda takardun biyu suka saɓa da maki biyu ko fiye, kada a raba tsakiya. A zauna a tambayi kowa misalinsa, domin sau da yawa nan ne labarin yake.

Mataki na uku: karanta hoton

A 2001 Donald Lynam da Thomas Widiger suka nemi ƙwararru su siffanta cikakken mai wannan larura da rassan talatin. Hoton da ya fito: fushi da kasa danne abin da rai ya ɗarsa a can ƙololuwa, fargaba, karayar zuciya da rikicewa cikin matsi duk a sama, lura da abin da zuciya ke ji da son gwada sabon abu a sama, tunani kafin aikatawa da sassauci wajen saɓani a ƙasa. Binciken da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa daga baya, irin na Douglas Samuel da Widiger a 2008, ya ƙara da ƙarancin yarda da mutane, ƙarancin naci a kan aiki da ƙarancin jin cewa mutum zai iya. A dunƙule, gidan saurin damuwa a sama sosai, gidan daɗin zama da na kamun kai a ƙasa.

Yanzu a mayar da alamomin taran nan kan rassan, sai a ga yadda suke haɗuwa. Tsoron a guje ka fargaba ce da ta haɗu da ƙarancin yarda da mutane: zuciya ta hango rabuwa, kuma ba ta yarda da tabbacin da aka ba ta. Idan aka ƙara garaje, sai ga kiran waya ashirin a jere, ko "ka sake ni" da ba a nufi saki ba. Ɗaga mutum yau a yar gobe kuwa, ƙarfin ji ne da tunani bai tsaya masa ba: duk abin da rai ya ji a wannan sa'a shi ne gaskiya, na jiya ya shafe. Ji wa kai rauni galibi hanya ce ta kashe wutar da ke ciki cikin gaggawa, kuma tana aiki na 'yan mintoci, shi ya sa take komowa.

A ɗauka ga mutum biyu. Na farko saurayi ne mai 5 a fushi, 5 a garaje, wato kasa danne abin da rai ya ɗarsa, 5 a son abin da ke motsa jini, 1 a tunani kafin aikatawa, 1 a sassauci. Ya bar wurin koyon sana'a uku, kowanne bayan cacar baki da maigida. Ta biyu matar aure ce mai 5 a fargaba, 5 a tsarguwa, 5 a karayar zuciya, amma 4 a sassauci, 4 a cika alkawari. Ba wanda ya taɓa jin muryarta, fushinta kanta yake komawa, tana ƙona hannunta a ɓoye ta ce girki ne. Suna iya ɗaukar sunan larura ɗaya, amma aikin da kowanne ke buƙata daban ne, kuma ta biyun ce aka fi rasa ganowa. A asibitoci kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ake rubuta wa larurar mata ne, alhali binciken cikin al'umma bai nuna tazara mai yawa tsakanin maza da mata ba. Namiji irin na farko sau da yawa wajen 'yan sanda ko gidan gyaran masu shaye-shaye yake ƙarewa.

Kada a manta da rassan da ke da kyau. Mai 4 a tausayi, ko a son ilimi, ko a himma, yana da abin da za a kama a ja shi. Takardar da ba ta nuna ƙarfi ko ɗaya ba, mai jin haushi ne ya cike ta.

Mataki na huɗu: auna hawa da sauka

Nan ne masu karatun sama-sama ke kuskure. Yawan saurin damuwa ba na wannan larura kaɗai ba ne. Masu ciwon fargaba da na baƙin ciki duk suna da shi, haka mutane da yawa masu lafiya. A 2008 Timothy Trull da abokan aikinsa suka ba masu rashin daidaiton hali da masu ciwon baƙin ciki na'urar da ke tambayarsu yanayin ransu har sau shida a rana tsawon kwana 28. Matsakaicin ɓacin ran ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Abin da ya raba su shi ne tsalle: masu rashin daidaiton hali suna tashi daga ƙasa zuwa sama tsakanin tambaya da tambaya.

Ana iya yin irinsa da littafin rubutu. Tsawon mako biyu zuwa huɗu, sau huɗu a rana, a lokutan da ba a mantawa kamar bayan sallolin asuba, azahar, magariba da isha'i, a rubuta maki daga 0 zuwa 10 na fushi, fargaba, baƙin ciki da kunya. Idan wani abu ya tashi, a ƙara layi uku: me ya faru daf da shi, me aka aikata, minti ko awa nawa kafin rai ya kwanta. A ƙarshe a duba tazarar da ke tsakanin kowane rubutu da na bayansa. Mai ciwon baƙin ciki zai nuna 7, 7, 8, 7. Mai wannan larura zai iya nuna 1, 9, 3, 8 a yini guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne cike shafin duka da dare daga ƙwaƙwalwa. Yanayin daren sai ya rina yinin gaba ɗaya.

Abubuwa ukun da littafin ke fitarwa su ne waɗanda Marsha Linehan ta siffanta a 1993: saurin kamuwa da ƙaramin abu, hawa sama da ƙima, da jinkirin sauka. A ganinta larurar tana tasowa ne idan yaro mai irin wannan zuciya ya tashi a inda kullum ake ƙaryata abin da yake ji, a ce masa "ba komai, shagwaɓa ce", ko a hukunta shi don ya yi kuka, ba a kula shi sai ya yi abin tashin hankali. Ba lallai iyayen su zama mugaye ba. Gida mai 'ya'ya goma da ba a saba da yaro mai zurfin ji ba ya isa. Cin zarafi a yarinta yana ƙara haɗarin sosai, amma ba kowane mai larurar aka ci zarafinsa ba. Ta fuskar gado, binciken tagwaye da na iyalai yana sanya rabon gado wajen kashi 40 zuwa 46 cikin ɗari, kuma binciken Marijn Distel na 2009 a kan tagwayen Holand, Beljiyam da Ostireliya ya nuna cewa gadon da ke bayan alamomin larurar shi ne dai gadon da ke bayan halayen yau da kullum.

Mataki na biyar: auna ɓarna

Hali mai tsanani bai zama larura ba sai ya yi ɓarna. A sashe na uku na DSM-5 akwai wani tsari na daban da ya fara da wannan. Ana duba fage huɗu: sanin kai, wato ko mutum yana da tsayayyen hoton kansa ko kuwa yana canzawa da wanda yake tare da shi, alƙibla, ko burinsa na karatu, sana'a da aƙida yana tsayawa, fahimtar wasu, musamman ko yana karanta raini a fuskar da ba raini a cikinta, da kusanci, ko zamansa da na kusa yana ɗorewa. Sai an samu matsakaiciyar ɓarna ko fiye a fage biyu. Bayan haka a nemi huɗu daga halaye bakwai: juyin rai, fargaba, tsoron rabuwa, karayar zuciya, garaje, son kasada, da gaba da mutane, kuma dole ɗaya daga ukun ƙarshe ya kasance a ciki. ICD-11 ta fi haka nisa: ta soke tsofaffin rabe-raben larurorin hali, ta ce a fara faɗin tsanani, mai sauƙi ne, matsakaici ko mai tsanani, sannan a siffanta halayen da suka yi rinjaye, sannan a ƙara alamar wannan larura idan ta dace.

A nan tsarin gida biyar yake da iyaka, kuma gara a faɗa. Tambayoyinsa don masu lafiya aka rubuta su, ba su tambayar yankan jiki, ko jin zuciya wayam, ko jin an fita daga jiki. Don cike giɓin ne Stephanie Mullins-Sweatt da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin FFBI a 2012, mai tambayoyi 120 a sashe 12, kowanne tsananin wani reshe ne. Wanda ba shi da shi sai ya yi tambayoyin da baki. Alamar fita daga jiki tana buƙatar kulawa ta musamman, domin idan yarinya ta ce tana ganin kanta kamar daga nesa, ko ta rasa sanin abin da ya faru na wani lokaci bayan rigima, a gida aljanu za a fara ambata. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ke ƙara lalata lamarin shi ne duka, ɗauri da turaren barkono, domin matsi ne ke tayar da alamar tun asali.

Duk wannan aikin na fahimta ne, yanke hukunci na likita ne. Takardar da aka cike don a ci nasarar gardama a gaban iyaye ko alƙali ta zama makami. Wanda bai kai shekara 18 ba ana iya gano masa larurar idan alamomin sun kai shekara guda, amma ƙwararre ne zai raba ta da rikicin balaga.

Mataki na shida: daga takarda zuwa aiki

Ana cewa hali zanen dutse. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Mary Zanarini ta bi masu wannan larura 290 na asibitin McLean a Amurka. Cikin shekara goma kashi 93 cikin ɗari sun samu aƙalla shekara biyu ba su cika sharuɗɗan larurar ba. A 2017 Brent Roberts ya tattara bincike 207, ya gano cewa jinya ta kimanin mako 24 tana motsa halaye, kuma saurin damuwa ne ya fi motsawa.

Ba a kama rassa goma lokaci guda. A fara da mai kisa, sannan mai korar mutum daga jinya, sannan mai lalata rayuwa. Wannan shi ne jerin da ake bi a DBT, jinyar magana da koyon dabarun kamun kai da Linehan ta tsara. Cikakkiyarta zaman mutum ɗaya ne da mai jinya na kusan awa guda a mako, da ajin koyon dabaru na awa biyu zuwa biyu da rabi, zagaye ɗaya mako 24, akan maimaita a cika shekara. Akwai kuma wata jinyar magana mai suna MBT, ta Anthony Bateman da Peter Fonagy, mai koya wa mutum ya dakata ya tambayi kansa me ke zuciyar ɗayan kafin ya yanke. Inda babu masu waɗannan, John Gunderson ya tsara wata mai sauƙi da likita na gama-gari zai iya yi, zama ɗaya a mako, ana bayyana wa mutum larurarsa a fili, ana tura shi ga aiki ko karatu.

Ga mai garaje da ƙarancin tunani kafin aikatawa, aikin shi ne sanya tazara tsakanin ji da yi. A yi yarjejeniya tun rai na kwance: ba aika saƙo, ba maganar saki, ba barin aiki sai an kwana. A ba wani amintacce katin banki. Bayan kowace fashewa a rubuta sarƙar abin daga farko: daren bai yi barci ba, bai karya ba, maigida ya yi magana a gaban yara, ya ji an raina shi, ƙirji ya ɗau zafi, ya jefar da kayan aiki. A nemi zoben da ya fi sauƙin cirewa, wanda sau da yawa barci ne ko yunwa.

Ga mai rikicewa cikin matsi, idan makin littafin nan na 0 zuwa 10 ya kai 8 magana ba ta shiga, jiki ake fara sanyayawa. A cika kwano da ruwan sanyi, ba mai ƙanƙara ƙwarai ba, a riƙe numfashi a tsoma fuska har daƙiƙa 30. Wannan yana rage bugun zuciya nan take, don haka mai ciwon zuciya ko mai shan maganin rage bugunta kada ya yi sai da izinin likita. Ko a ja numfashi daƙiƙa huɗu a sake shi daƙiƙa shida zuwa takwas, tsawon minti biyar. A koye su a lokacin lafiya, wanda ya fara gwadawa a tsakiyar rikici zai ce ba sa aiki.

Ga mai tsarguwa da karayar zuciya, dabarar ita ce yin kishiyar abin da rai ke umarta idan ba hujja: kunya ta ce a ɓuya a ɗaki, sai a fito tsakar gida ko da na minti goma ne.

'Yan gida su ma suna da nasu. A gaskata ji, ba sai an gaskata zargi ba. Maimakon "ke dai kin cika ƙorafi", a ce: "Yaya, na ga ranki ya ɓaci ƙwarai da ba a kira ki ba. Ban yarda an yi don a raina ki ba, amma zauna ki gaya mini." Iyaka kuma a faɗe ta tun kafin rikici, a tsaya a kanta kullum: "Idan aka fara zagi zan fita, zan dawo bayan awa ɗaya." Faɗin lokacin dawowa ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsoron a guje shi. Iyakar da ake tsayawa a kanta yau a janye gobe idan ihu ya yi yawa, ihun take koyarwa.

Magani na sha ba ya gyara hali. Babu ƙwayar da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan larura, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya tun 2009 ta ce kada a ba da magani don ita kanta, sai don wata larurar da ta haɗu da ita, ko na kwantar da hankali a rikici wanda ba zai wuce mako guda ba. Wani babban gwaji a Birtaniya a 2018 ya nuna maganin lamotirijin bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani ga wannan larura ba. Diyazefam da danginsa suna iya ƙara garaje kuma suna kama jiki, maganin balfurowet kuwa yana cutar da ɗan tayi. A tambayi likita kowace ƙwaya don wace alama aka ba da ita, kuma yaushe za a duba ko ta yi aiki.

Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin Dawanau da na koyarwa na Aminu Kano, duka a Kano, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A Nijar akwai sashensu a babban asibitin ƙasa na Yamai. A tafi da takardun biyu da littafin mako huɗun, a nemi a haɗa mutum da masanin halayyar ɗan'adam, ba katin magani kaɗai ba.

A sake cike takardar bayan wata shida, da mutanen da suka cike ta farko. Garaje da ji wa kai rauni su ne kan fara raguwa. Fushin ciki, kaɗaici da jin zuciya wayam suna daɗewa, don haka ganin fargaba tana nan a 4 ba ya nufin jinya ta gaza. A binciken Zanarini rabin mutanen ne kawai suka haɗa raguwar alamomi da tsayayyen aiki ko karatu da zama mai kyau da wani cikin shekara goman. Saboda haka daga watan farko a sa sana'a, makaranta ko wani aikin da ake fita dominsa kullum a cikin shirin jinya, ko da na awa biyu ne a rana, kada a jira sai an warke.